Fita da yara ranar Asabar: kada hanya ta cinye tafiyar

Yawancin magidantan Kano da ba sa fita da iyalansu, ba rowa ce ke hana su ba. Girman buri ne ke kashe maganar tun ba ta je ko'ina ba. Da an ce a kai yara buɗe ido, sai tunani ya tafi Yankari ko Jos ko Abuja. A lissafa mai da masauki da abincin mutum bakwai, a ga kuɗin ya tasar ma albashin wata guda, sai a ce a bari sai babban hutu. Hutun ya zo, kuɗin makaranta na zango mai zuwa ya tsaya a bakin ƙofa, a sake ɗagawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, uzurin ya ƙara samun gindin zama. Haka yaro zai gama firamare a Gwammaja bai taɓa hawa Dutsen Dala ba, alhali daga unguwarsu ake hango shi.

Kafin kuɗi ma, akwai matsalar lokaci, kuma tamu ta bambanta da ta wasu. Ɗan Bahaushe a birni ba shi da ƙarshen mako na gaskiya. Litinin zuwa Juma'a yana boko, Islamiyyu da yawa kuma Alhamis da Juma'a suke hutu, Asabar da Lahadi su ne ranakun da suka fi cika da hadda. Uwa tana da biki ko suna ko barka, uba yana da ɗaurin aure uku kafin azahar. Don haka fitar iyali ba ta faɗowa da kanta, ƙwato ta ake yi. A zaɓi rana tun da mako biyu, a je wa malamin Islamiyya da kai a nemi izini, kada a bar yaro ya je ya sha bulala ranar Lahadi kan laifin da ba nasa ba. A kuma duba kalanda: Asabar ɗin ƙarshen wata a Kano ranar tsaftar muhalli ce, ana taƙaita zirga-zirga da safe, wanda ya shirya sammako ranar zai yi zaman jira da yara sanye da takalma har hantsi.

Ma'aunin da na fi yarda da shi wajen zaɓen wurin zuwa shi ne ƙaramin cikin yaran. Ɗan shekara uku ba ruwansa da tarihin Bayajidda. Abin da ya sani shi ne zafi, da fitsari, da yunwa, da lokacin barcinsa. In ya gaji, kowa a motar ya gaji. Sa'a biyu a zaune ita ce kusan iyakar haƙurinsa, kuma tun kafin a wuce Dawanau za a fara jin “Baba, mun kusa?” Ma'auni na biyu rana ce. A irin halin tsaron da ake ciki, da yanayin hanyoyinmu da manyan motocin da ke kwana a gefen titi ba fitila, duk tafiyar da za ta sa magariba ta riske ka a daji da yara ba ta cancanci a yi ta ba. Ka fara lissafi daga lokacin da kake son shigowa gida, ka yi baya. In kana son ka yi la'asar a kan hanya ka yi magariba a masallacin unguwarku, to ƙarfe uku ka tayar da mota, ko da yara suna kuka ba su ƙoshi ba. Gara su dawo da sauran marmari.

Wanda ya karɓi waɗannan ma'aunai biyu zai ga cewa fitar farko ba ta ma buƙatar barin gari. A fara da Dala da sanyin safiya, kafin dutsen ya ɗauki zafi. Akwai matakala har sama, amma kaka mai ciwon gwiwa gara ta zauna a ƙasa. Daga can sama yaro zai ga abin da littafin makaranta ba ya iya nuna masa: Gwauron Dutse a gefe guda, hasumiyoyin babban masallaci, rufin kwano ya bazu har inda ido ya gaza. A nan ne labarin Barbushe da Tsumburbura ke shiga kai, domin ga wurin a ƙarƙashin ƙafarsa. A sauko a nufi Gidan Makama da ke daura da fadar Sarki, gidan da ake danganta gininsa da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Daga nan zuwa marinar Ƙofar Mata ba nisa. Ka bar yaro ya tsaya kusa da marini ya ga yadda ake tsoma farin ƙyalle a ramin baba, a ɗago shi yana kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsa. Zai toshe hanci saboda warin, amma zai yi mako yana ba da labarin. In da sauran ƙarfi, gidan namun daji na Audu Baƙo yana nan, sai dai ni ba na haɗa shi da waɗannan a rana ɗaya. Wuri biyu ko uku sun ishi yini. Kuskuren iyaye masu ilimi shi ne son mai da fita darasi, a yi ta jan yara daga wannan ɗaki zuwa wancan ana yi musu lacca har su tsani gidan tarihi.

Bayan an saba, sai a leƙa waje. Daura tana wajen kilomita 130 daga Kano ta hanyar Ɗambatta da Kazaure, wato ana iya zuwa a dawo da rana. Rijiyar Kusugu tana cikin gari, an kewaye ta da gini, masu kula da ita suna ba da labarin macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a da Bayajidda, baƙon da ya kashe shi. Tafiyar tana da wata riba da ba a cika lura da ita ba: nisanta ya wuce mil 48 da littattafan Malikiyya suka gindaya wa sallar ƙasaru. Yaron da ya haddace babin a Islamiyya zai ga babansa ya yi azahar raka'a biyu a Kazaure, ya yi tambaya, a ba shi amsa a kan tabarma. Lissafin mai ma ba wuya. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci kusan lita 30 zuwa da dawowa har da zagayen cikin gari. Ka ninka da farashin ranar, ka ƙara kuɗin shiga da ɗan abin da za a ba mai yi muku jagora, ka ware wani abu na faci ko bakanike wanda ba za a taɓa shi don tsire ba.

Ta gabas kuma akwai Birnin Kudu a Jihar Jigawa, inda duwatsu irin su Habuɗe da Mesa ke ɗauke da tsofaffin zane-zanen shanu da mutanen dā suka yi, waɗanda masu binciken tarihi suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950. Ta kudu akwai madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. A kan wuraren ruwa zan ɗan tsaya, domin a nan ne wasa ke zama kuka. Ruwan dam a kwance yake a ido, amma gaɓarsa tana da santsi da zurfin da ke zuwa ba sallama. Ruwan da ba ya gudu kuma shi ne gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini makonni bayan an manta da fitar. A kalli ruwa, a ci kifi, a ɗauki hoto, amma ba wanka. Batun kwalekwale kuwa, mutanen Kano ba su manta da Bagwai ba, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, aka rasa rayuka fiye da ashirin. In ba rigar kariya daidai jikin yaro, in kuma jirgin ya cika, ko kyauta ne kada a shiga.

To Yankari fa? Wuri ne da ya cancanci sunansa. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse garau, ɗuminsa yana kan digiri 31 rani da damina. Amma daga Kano zuwa Bauchi kusan kilomita 300 ne, daga Bauchi zuwa sansanin Wikki kuma akwai fiye da 100. Wanda ya tashi Asabar ya dawo Lahadi ya kai yaransa kallon kwalta ne. Yankari fitar ƙarshen mako ce ga mutanen Bauchi da Gombe. Bakano ya jira hutun da ya haɗa kwana uku ko huɗu, ya kuma sani cewa a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji, aka fi ganinsu, kodayake lokacin ne zafi ya fi tsanani. Kada a yi wa yaro alkawarin giwa, don ita ba ta san da zuwansa ba. Abin da za a iya yi masa alkawari shi ne gwaggon biri, waɗanda suka saba da mutane har suna fizge leda daga hannu su shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Yaro mai biskit a hannu shi ne abin harinsu na farko.

Guzuri shi ne rabin tafiya, kuma a nan iyayenmu mata sun fi kowane littafi sani. Abin da ba ya lalacewa da wuri ake ɗauka: dambun nama, gurasa, dafaffen ƙwai, cincin, dabino, lemon ɓawo. Kunun aya daɗi gare shi, amma in ba ƙanƙara, kafin azahar ya yi tsami, kuma shi ne zai mai da fitar ta koma neman makewayi. Ruwan sha a ɗauka daga gida fiye da yadda ake zato za a sha, da buta, da tabarma, da sabulu, da kayan canji ɗaya ga kowane ƙaramin yaro. A jaka a sa maganin zazzaɓi na yara da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. In kwana za a yi, ko a gidan 'yan'uwa ne, a tafi da gidan sauro, kada kunyar masu masauki ta jawo zazzaɓin cizon sauro bayan kwana goma. Yara a kujerar baya suke zama, ba a cinyar direba ba, kuma ba a barin yaro a rufaffiyar mota a rana ko da na shiga-in-fito ne. Mota kanta a kai ta wurin bakanike ranar Alhamis, a duba birki da taya da safaya da ruwan lagireto. Ranar Juma'a da yamma ka kira wani da ke zaune a garin da za ku, ko ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki. Su suke bin ta kullum, labarinsu ya fi na Facebook sabunta.

Wanda ba shi da mota ma bai fita daga lissafi ba. Gida biyu, wa da ƙani ko maƙwabta, suna iya haɗa kuɗi su ɗauki shatar ƙaramar bas, a yi ciniki tun jiya, a faɗa wa direba ƙarara cewa ba gudu, kuma za a tsaya duk lokacin da yaro ya matsu. Zagayen cikin birni kuwa a-daidaita-sahu biyu sun gama shi.

Akwai wata magana da maza ba sa son ji. A gidaje da yawa, fitar iyali hutu ce ga kowa ban da uwar gida. Ita ta tashi tun asuba ta yi suya, ta yi wa yara wanka, ta goya na goye a kan dutse, ta dawo ta tarar da wanke-wanke, maigida kuma ya kishingiɗa yana cewa “Kai, yau mun huta.” In ana son a sake fita, a raba aikin. Babban yaro ya riƙe jakar ruwa, yayarsu ta kula da ƙirga ƙannenta duk lokacin da za a shiga mota, uba ya ɗauki ƙaramin a kafaɗa, abincin dare kuma a saya a hanya. Mai mata fiye da ɗaya ya yi tsarinsa a fili tun kafin ranar. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ko ƙuri'a, ko bi da bi, ko a kwashi kowa, muddin dai yaran ɗaki ɗaya ba su tsaya a zaure suna kallon 'yan'uwansu suna shiga mota ba. Tsaraba ma a tuna da waɗanda aka bari a gida, ko da rake ne.

Saura hukumomin da ke riƙe da waɗannan wurare. Magidanci ba ya neman abin a-zo-a-gani. Abin da ke hana uwa mai yara huɗu komawa wuri karo na biyu sananne ne: makewayi mara ruwa, rashin inuwar da za a shimfiɗa tabarma, da kuɗin shiga da ke canzawa gwargwadon kyan motar da mutum ya zo da ita. A gyara makewayi, a sa famfo da wurin alwala, a kafa allo a bakin ƙofa mai ɗauke da farashin babba da na yaro da lokacin buɗewa da rufewa, a sa lambar waya da wani zai ɗauka ranar Juma'a. Ma'aikatun al'adu na Kano da Jigawa da Katsina da Bauchi ba sa buƙatar jiran wani babban kasafi kafin su yi wannan.