3.2 Asali da Ma'anonin Aikatau "Cusa"

Saiwar wannan aikatau ita ce cuus-. Bisa tsarin da Parsons ya fitar a shekarar 1960, "cusa" yana cikin aji na ɗaya. Daga saiwar ne ake samun "cuso" (aji na shida) da "cushe" (aji na huɗu), inda /s/ ta koma /sh/ saboda wasalin /e/ da ya biyo bayanta, wato ganɗantawa.

Ma'anarsa ta asali ita ce shigar da abu cikin matsattsen wuri da ƙarfi. Dubi waɗannan misalai daga bakin mutanen Rogo:

(1) Ya cusa auduga a buhu.
(2) Ya zura rake a injin mazarƙwaila.
(3) Ta tsoma hannu a ruwa.

Duka ukun shigarwa ce, amma misali na (1) kaɗai ke ɗauke da tilas. Wannan tilas ɗin bai ɓace ba ko da ma'anar ta faɗaɗa. "Cusa kai" shi ne shiga sha'anin da ba a gayyaci mutum ba, "cusa ra'ayi" kuwa dasa wa wani tunani ne ta hanyar naci. Saboda haka, duk mai fassarar da ya maye gurbin waɗannan aikatau da "sa" kawai, ya tauye ma'ana.