Idan fankar laftof ta cika ƙara: darasi daga zafi da ƙurar Jazira

A Mai Wurno, garin Hausawan da ke bakin kogin Blue Nile kudu da Sinnar, wanda zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda laftof ɗinsa ta ƙone a yau ba shi da saukin samun wata. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, kayan gyara sun yi tsada, hanyar Wad Madani da Khartoum ta yi wuya, ga ɗalibai da malamai da dama karatunsu ya koma ta intanet. Shi ya sa ƙarar da fanka ke yi, wadda mutane ke ɗauka abin haushi kawai, ta cancanci a saurare ta da kyau.

A cikin laftof akwai furosesa, ɗan abin da ke yin dukkan lissafi, kuma da ya kama aiki sai ya yi zafi. Wani siririn bututu na jan ƙarfe ne ke kwashe zafin ya kai shi ga wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran matsefi, fanka kuma ta hura iska ta tsakaninsu ta fitar da shi waje. Duk lokacin da zafi ya ƙaru, fanka kan ƙara gudu. Idan ya kusa kai digiri 100, furosesa zai rage saurinsa da kansa, idan abin ya ci tura kwamfutar ta mutu ba sallama. Don haka wanda ya nemo manhajar da za ta tilasta wa fanka yin shiru, kansa ya cuta.

Kamfanoni irin su Apple da HP da Dell kan rubuta cewa a yi amfani da yawancin laftof ɗinsu a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Wad Madani da Sinnar da Damazin kuwa, a watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura 40. Wato iskar da fanka ke zuƙowa don ta sanyaya injin ita ma mai zafi ce. Wannan ba laifin kwamfuta ba ne, kuma ba a gyara shi da sukurdireba. Abin yi shi ne a mayar da aiki mai nauyi zuwa bayan asuba ko dare, a kuma rage haɗa caji da aiki a tsakar rana, tunda batir ma yana ɗumi idan yana shan wuta. Na san mai dogaro da sola zai ce ai da rana ne wutar take. Gaskiya ne, to a rufe ta ta sha cajinta a inuwa, a yi aikin daga baya.

Babbar matsalar dai ƙura ce. Baƙar ƙasar Jazira idan ta bushe takan zama gari, iskar habub ta kwaso ta daga watan Mayu zuwa damina ta cusa ta ko'ina. A yankin da ake noman auduga kuma, burbushin audugar kan haɗu da ƙurar su dunƙule a bayan waɗancan ƙarafan, su zama kamar guntun bargo. Na taɓa buɗe ta wani abokin aikina a makaranta, na zaro irin wannan dunƙule da ya toshe mafitar iska gaba ɗaya. Alamar ita ce fanka na gudu iya ƙarfinta, amma ka kara hannu a mafitar ka ji iskar da ke fitowa kaɗan ce. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Garwa sun san irin wannan a lokacin hunturu.

Wajen sharewa, a kashe kwamfutar, a zare caja, a buɗe murfin ƙasa idan irin mai buɗuwa ce. A danne fuka-fukan fankar da tsinke kafin a hura iska, saboda idan iska ta juya ta fiye da kima tana iya lalata ta. Busasshen buroshin haƙori da ɗan famfon iska na hannu sun isa. Kada a kai ta wurin mai faci ya sa mata injin ba taya iska: ƙarfinsa ya yi yawa, kuma yakan fito da laima. Sannan a daina ɗora ta kan katifa ko matashi ko cinya, domin ta ƙasa take shan iska. Faifan katako ya wadatar, a ɗan ɗaga bayanta da murafan kwalba biyu.

Wani lokaci kuma cikinta tsaf yake, aiki ne ya yi mata yawa. A Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A duba layin CPU: idan yana nuna kashi 80 ko 100 alhali ba ka komai, to wata manhaja ce ke cin ƙarfin a ɓoye. Sau da yawa shafukan Chrome ne da aka bari a buɗe, ko Windows ce ke sabunta kanta da zarar ta sami intanet bayan makonni ba ta samu ba, wannan kuwa yakan lafa da kansa. Abin tsoro shi ne manhajojin sata da ake kwasa a filash, don wasu na zuwa da ƙwayar cutar da ke haƙar kuɗin kirifto da kwamfutarka. Ƙaramar manhajar Core Temp, wadda kyauta ce, za ta nuna maka ainihin zafin furosesa.

Idan an share ƙura, Task Manager ma bai nuna komai ba, amma zafin bai sauka ba, mai yiwuwa man nan mai launin toka da ke tsakanin furosesa da bututun ne ya bushe, abin da kan faru bayan 'yan shekaru. A bar wa mai gyara ya goge ya sa sabo. Idan kuwa ƙarar ba ta hucin iska ba ce, kana jin karkarwa ko gurzawa kamar tsakuwa a gwangwani, to gindin da fankar ke juyawa a kai ne ya cinye, sai dai a sauya ta. A duba lambar samfurin da ke rubuce a ƙasan laftof ɗin a aika wa mai sayo kayan, domin kowane samfuri da irin fankarsa. Kafin ta iso, a kwashe takardu da hotuna masu muhimmanci a filash ko a waya.