Daga Gafaka Zuwa Kwamfuta: Wa Zai Riƙe Amanar Littattafan Yola?

A ƙarshen Oktoban 2014, da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, aka rufe Jami'ar Jihar Adamawa da ke garin, dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta da ɗan abin da hannu zai iya ɗauka. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa kwasar littattafai. Kafin nan, a Janairun 2013, an ƙone dubban rubuce-rubucen hannu a Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu. Irin wannan fargaba tana cikin abin da ya sa ɗakunan karatu ke rige-rigen ɗaukar hoton abin da suka mallaka su zuba a kwamfuta.

Yola kuwa tana da abin da za ta yi asara. Tun da Modibbo Adama ya kafa garin a 1841, gidajen malamai suke tara littattafan fiƙihu da wasiƙu da waƙoƙin Fulatanci na ajami, takardu warwara a cikin gafaka, an ɗaure da igiyar fata. Gara tana ci, ɗanshin damina yana narkar da tawada, ga kogin Binuwai da ya yi ambaliya a 2012 da 2022 bayan sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru.

Kayan aikin ɗaukar hoton ma sun yi sauƙi. Kyamara mai kyau da haske da teburi sun isa a fara. Shirin ceto taskokin tarihi na Laburaren Birtaniya, wanda aka soma a 2004, ya ɗauki nauyin ɗaukar hoton waƙoƙin Fulatanci na zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, bisa ƙa'idar cewa takardun asali su zauna a ƙasarsu, kwafi ɗaya ya tafi Landan, wani ya tsaya a gida. Amfanin a fili yake: ɗalibi a Jami'ar Modibbo Adama zai iya duba shafi a wayarsa ba tare da ya taɓa takardar da ke neman farfashewa ba.

Wahalar tana farawa ne bayan an naɗe kyamara. Takarda tana iya kai shekara 150 a gafaka ba wanda ya waiwaye ta. Faifan ajiya na kwamfuta ba shi da wannan juriya, balle a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta. Kuma lalacewarsa a ɓoye take: yana nan kan kanta tsaf-tsaf, sai ranar da aka jona shi ya ƙi buɗewa.

Don haka manyan ɗakunan karatu ba sa yarda da kwafi ɗaya. Suna ajiye aƙalla uku, ɗaya a wani gari daban. Kowane hoto ana fitar masa da lambar tantancewa, kamar zanen yatsa, a riƙa sake lissafa ta lokaci-lokaci; in ta sauya, an san fayil ya taɓu, sai a maye gurbinsa da lafiyayye. Duk bayan 'yan shekaru a kwashe komai zuwa sabon faifai. A kan wannan tunani Jami'ar Stanford ta Amurka ta gina tsarin LOCKSS tun 1999. Wannan kulawa aiki ne na albashi da man janareta ko sola, kowace shekara, alhali tallafin da ake samu yawanci na ɗaukar hoto ne, yana ƙarewa da ƙarewar aikin.

Dogaro da ƙetare ma ba tudun mun-tsira ba ne. A Oktoban 2023 'yan kutse na ƙungiyar Rhysida suka durƙusar da kwamfutocin Laburaren Birtaniya, kundin bincikensa bai dawo intanet ba sai Janairun 2024.

Akwai kuma bambanci tsakanin mallaka da haya. Laburaren Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola ya yi suna wajen littattafan kwamfuta, amma duk inda aka dogara da rajistar mujallun ƙetare, da dala ake biya, ita kuwa dalar ta tashi daga kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Abin da babu mai sayar wa Yola shi ne nata: waƙoƙin ajami, takardun fadar Lamiɗo, kundayen digirin ɗalibai. Jami'o'in Yola biyu kaɗai sun isa su soma musayar kwafi a tsakaninsu, na uku a kai Gidan Arewa a Kaduna, a kuma rubuta kuɗin duba su cikin kasafin kowace shekara.