Yadda za a kare dattawa daga zafin bazara

Daga Maris zuwa Mayu, kafin damina ta sauka, zafi a yankin Ikara, Makarfi da Kudan kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan yi gargaɗi a irin wannan lokaci. A farkon Afrilun 2024, zafin ya kai maki 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma tsofaffi ne suka fi mutuwa a Bamako.

Me ya sa tsofaffi? Jikin dattijo ba ya fitar da gumi kamar na matashi, kuma ba ya saurin jin ƙishirwa. Wasu magungunan hawan jini ma na ƙara yawan fitsari, su rage ruwan jiki.

Don haka a riƙa miƙa wa Baba ko Inna ruwan randa akai-akai, ko ba su nema ba. Da rana tsaka a fitar da su daga ɗakin kwano zuwa inuwar darbejiya ko zaure mai iska. A sa musu tufafin auduga marasa nauyi, a goga musu jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata. Zuwa gona ko kasuwa a bari sai da sassafe ko la'asar sakaliya. Idan azumi ya zo a bazara, Musulunci ya ba tsohon da ba zai iya ba damar ciyarwa.

In aka ga jiri, ruɗewa, suma ko jiki ya yi zafi rau, a sanyaya jikin dattijon da ruwa nan take, a garzaya da shi asibiti.