Tsami, kanwa da mariƙi: wasu kalmomin kimiyyar sinadarai a Hausar Damargu

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ana fama da tambaya guda: da waɗanne kalmomi za a koyar da kimiyya? A wannan ƙasida za mu taƙaita ga kalmomin Faransanci uku, *acide*, *base* da *tampon*, mu auna su da maganar mutanen Damargu, musamman ƙasar Belbeji, wadda take cikin Tanut kafin ta zama gunduma mai kanta a 2011.

Sai mu fara da ruwa, tunda a cikinsa al'amarin ke gudana. Ƙwayar ruwa (H₂O) ta ƙunshi oksijin ɗaya da haidurojin biyu, suna tarayya a kan ilektaron ɗin da ya haɗa su. Wannan muke kira ɗaurin tarayya. Amma rabon ba daidai ba ne: oksijin ya fi ja wajensa, sai ƙwayar ta sami gefe biyu masu caji dabam. Da su ne ruwa ke warware gishiri ko kanwa har su narke. Bisa bayanin Brønsted na 1923, *acide* shi ne abin da ke sakin H⁺, *base* kuwa mai karɓarsa. Ma'aunin pH, wanda Sørensen ya ƙago a 1909, yana nuna yawan H⁺ ɗin: 7 ne tsaka-tsaki, kuma duk taki ɗaya ƙasa ninki goma ne.

Kalmar da ke fara zuwa baki ita ce tsami. Madara sabuwar tatsa tana wajen 6,6. Idan ta kwana, ƙwayoyin halitta suka juya sukarinta, ta sauko wajen 4,6, sai ta kama ta zama nono. Har nan kalmar ta dace. Sai dai tsami hukuncin harshe ne. Madarar nan ta 6,6 tana ƙasa da 7, amma babu mai ce mata tsami. Ruwan batirin mota kuwa ba a ɗanɗana shi, kuma makanikai sun daɗe suna ce masa asid. Don haka muna ganin a bar asid ga sinadarin, tsami ga halinsa.

*Base* ta fi wuya, domin Hausa ba ta da sunan jinsi gare ta, sai misalai: kanwa da ruwan toka. A nan akwai kuskuren da ya kamata a gyara. An saba fassara kanwa da *potasse*, alhali kanwar da ake kawowa daga ƙasar Manga gishirin sodiyam ce, gaurayen karbonat da bikarbonat. Tokar karan hatsi ce mai fotasiyam. Aikin kanwa kuwa kowace mai girki ta san shi: ana jefa ta a miyar yakuwa don ta rage tsami. Karbonat na kwashe H⁺, abin ya rikiɗe ya zama ruwa da iskar CO₂, ita ce kumfar da ke tasowa. Jan ruwan zoɓo ma, in an sa masa kanwa, launinsa juyawa yake. Karin maganar nan, «kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta», ta riga ta ba mu fassarar *neutralisation*, wato kashe tsami. Ba mu ga dalilin ƙirƙiro wata ba.

Saura *tampon*. Aronta ba zai yi ba, domin ɗan Nijar da ya ji ta, hatimin ofis zai tuna. Abin da ake nufi shi ne ruwan da ya ƙunshi asid mai rauni tare da abokin gaminsa: in H⁺ ya yi yawa ɗaya ya kwashe, in ya yi kaɗan ɗayan ya saki. Haka bikarbonat da CO₂ ke tsare jinin mutum tsakanin 7,35 da 7,45. Makiyayan Damargu suna da misali mafi kusa. Yawun saniya cike yake da bikarbonat, shi ke danne tsamin da ke tasowa a tumbinta yayin da ciyawa ke ruɓewa. In ta faɗa wa hatsi ta ci fiye da kima, tuƙa ta ragu, yawu ya ragu, tsami ya rinjaya, dabba ta kwanta. Kanwar da ake ba dabbobi tana ɗauke da wannan sinadari.

Ke nan *tampon* ba ya kashe tsami gaba ɗaya, riƙe shi yake a matsayi guda. Shi ya sa muke ba da shawarar mariƙin tsami, bisa tsarin sunan kayan aiki *ma-…-i*, kamar mabuɗi da marufi. Wani zai ce mariƙi na nufin abin kama tukunya, ko mai riƙon yaro. Ma'ana ta biyun ba ta yi nisa da abin da muke so ba. Ya rage a gwada kalmar a aji, a Belbeji da Tanut, a ji yadda za ta zauna a bakin ƴan makaranta.