Cike Giɓi Ko Ɗaukar Gwani?

A ƙasar Amurka akwai wani irin wasan ƙwallo wanda akan rungumi ƙwallon a sheƙa da gudu, ana bangazar juna. Tun daga 1936, ƙungiyoyin babbar gasarsu, wato NFL, sukan hallara kowace shekara su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, bi da bi. Wadda ta zo ta kashin baya ita ke fara zaɓe, domin kada ƙarfi ya taru wuri guda.

To, a nan gardama take. Waɗansu suna ganin a ɗauki wanda zai cike gurbin da ƙungiya take da rauni. Waɗansu kuwa suka ce a ɗauki mafi gwaninta, ko da gurbinsa da mai shi.

A 2005 ƙungiyar Green Bay tana da shahararren majefin ƙwallo, Brett Favre, amma ta ɗauki wani majefin, Aaron Rodgers, wanda ya zo na 24 a zaɓen. Shekara uku yana zaman jira, sa'an nan ya ciwo mata kofi a watan Fabrairu 2011.

Ƙwallon kwando ma ya ba da shaida. A 1984, bayan Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, sai Portland ta tsallake Michael Jordan ta ɗauki Sam Bowie, don dogo take bukata. Chicago ta ci kofi 6 da Jordan.

Mai horarwa da ke tsoron kora, bana kaɗai yake dubawa. Amma giɓi yakan cike cikin shekara guda, gwani kuwa ba kullum ake samunsa ba.