Dakare da Doki a Buɗin Wasan Ces: Abin da Ɗan Dara Ya Zo da Shi

Masu fassara sun saba kiran wasan ces da "darar Turawa". Sunan yana da sauƙin kamawa, amma yana ɓatar da mai koyo tun daga motsin farko, musamman a yanki irin na Lafagu da sauran garuruwan Bagudo da ke bakin iyakar Binin, inda yaro kan fara sanin dara kafin ya ga allon ces. Zabarmawa na kiran darar da dili.

A dara, fage fanko ake tararwa: gidaje 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, yana dasa su ɗaya bayan ɗaya inda ya ga dama. A ces kuwa gidaje 64 ne, kuma an riga an jera runduna. Dakaru takwas suna gaba, manya na bayansu a tsare. Buɗin wasa, ke nan, buɗe wa manya hanya ne, dakare kuma shi ne ƙyauren. Sai dai dakare ba ya komawa baya, alhali ɗan dara ya saba kai ɗa gaba ya dawo da shi. Nan ne tarkon yake. Wanda ya tura dakarun f da g da gaggawa ya yaye wa sarkinsa rufi, ana iya gamawa da shi a motsi biyu kacal. Shi ya sa ake horon mai koyo ya fara da dakaren e ko na d, ya kai shi gida na huɗu, ya kama tsakiya.

Doki ne kaɗai ke tsallake 'yan wasa, don haka shi ake fara fitarwa cikin manya. Lissafinsa a fili yake: daga f3 yana kai wa gidaje takwas, daga h3 huɗu, daga kusurwa biyu. Ƙwararren ɗan dara ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya daɗe da sanin cewa ɗan da aka dasa a gefe rabin ƙarfinsa ya tafi. Abin da zai zame masa sabo shi ne jituwar doki da dakare: idan an buɗe da d4, doki a c3 yakan toshe dakaren c, wanda ake so ya fita ya dafa wa tsakiya.

Kalmar "doki" kanta tana da rikici, domin an ruwaito ta a matsayin sunan darar dungurungum a bakin wasu Hausawa. Duk da haka, a ganin mai wannan nazari, ita ta fi "barde" dacewa. Larabawa faras suke cewa, haka ma a tsatsarandi, ces ɗin Barno da C. K. Meek ya bayyana a 1934, sunan doki aka ba wannan ɗan wasa.